Amsa ga Hajiya a Nima: Yadda Ƙyallayen Atamfa Za Su Zama Mayafin da Zai Amfani Mabuƙaci

Hajiya, na karanta tambayarki, kuma ga yadda na fahimce ta. Ku mata ne da kuke zama tare duk ranar Asabar bayan darasin Islamiyya a unguwar Nima da ke Akra, a cikinku akwai teloli, sauran kuma sun iya riƙe allura. Kun tara buhunan ƙyallayen atamfa daga shagunan ɗinki, kun ga hotunan bargunan haɗe-haɗe irin na Turawa a Facebook, kuna so ku riƙa ɗinka irinsu domin ɗebe kewa, ku kuma bayar da su sadaka. Kina tambaya ko keken hannu zai iya aikin, me ya kamata ku saya, kuma wa ya fi cancanta ku ba.

Keken hannu zai iya, kuma abin da za ku saya bai wuce zare da allura da yadin shafi ba. Sai dai ina ba ku shawara kada ku ɗauki bargon da kuka gani a hoto a matsayin abin koyi kai tsaye, domin an yi shi ne saboda ƙasar da ƙanƙara ke sauka, a gidan da injin wanki da injin busarwa suke. Wanda za ku ba naku a nan Akra da hannu zai wanke shi a bokiti, a kan igiya ko katanga zai shanya shi, kuma mai yiwuwa a ɗaki ɗaya yake kwana da mutum biyar. Duk shawarar da za ku yanke game da nauyi da girma da irin yadi, daga rayuwar wannan mutumin ya kamata ta fito.

Bargon Turawa hawa uku ne: fuskar da aka haɗa da ƙyallaye, da cikon auduga ko na roba a tsakiya, da shafi a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki domin kada cikon ya taru wuri ɗaya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe, domin lifidin da dawaki da mahayansu suke sawa, wanda har yau ake gani a hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau, haka ake yin sa, ana cusa audugar rimi tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki. Haɗa ƙyalle da ƙyalle ma tsohon abu ne a nan Gana, maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Akan suna kiransa asasawa, kuma kowa ya ga riguna da jakunkunan da ake yi da shi. Abin da bai dace da mu ba shi ne cikon nan mai kauri. A Akra da wuya zafin dare ya sauka ƙasa da digiri 22, ko a watan Agusta da garin ya fi sanyi, ga kuma laima a iska kusan duk shekara. Bargo mai ciko idan aka wanke shi a watan Yuni, lokacin da damina ta kankama, yana iya kwana biyu bai bushe ba, daga nan sai wari da fumfuna, daga nan kuma sai a jefar. Audugar rimi kuwa kada ma ku kusance ta, domin tana dunƙulewa idan aka wanke, kuma wuta na kama ta nan take, alhali a gidaje da yawa kurfoti da maganin sauro na kunnawa suna kusa da shimfiɗa.

Abin da ya fi kama da buƙatarmu shi ne irin wanda matan Bengal, a Indiya da Bangladesh, suke yi, wanda ake kira kanta: suna jera tsofaffin zannuwa biyu ko uku a kan juna ba tare da wani ciko ba, su bi su da ɗinkin hannu layi bayan layi har su zama abu ɗaya mai laushi. Ku ma ku yi hawa biyu, wato fuska da shafi, domin mutanen Akra da Kumasi. Idan kuma za ku aika Arewa, irin su Tamale da Bolgatanga da Wa, inda daren hunturu kan sauka ƙasa da digiri 20 daga Disamba zuwa Fabrairu, sai ku ƙara tsohon zanin gado na auduga a tsakiya ya zama hawa uku. Wannan ya isa, kuma zai bushe a yini ɗaya.

Yanzu sai maganar ƙyallayen, kuma a nan ne zan daɗe, domin a nan mafi yawan aikin yake lalacewa tun kafin a taɓa keke. Buhun da aka kwaso daga shagon tela gauraye yake: akwai atamfar auduga irin ta GTP da ATL da Printex, akwai atamfar roba mai araha, akwai leshi, da shadda, da yadin shafi mai santsi, da yadi mai miƙewa. Ba za su zauna lafiya a mayafi ɗaya ba, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko, roba ba ta tsukewa, mai miƙewa kuma yana jan maƙwabcinsa, sai ki ga mayafin da ya fito a miƙe ya karkace bayan wanki biyu. Ku ware auduga zalla. Idan kuna shakka, ku yanki ɗan siririn ƙyalle ku kusantar da shi ga ashana a waje, kusa da ruwa: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Leshi da duk abin da ke da duwatsu ko ƙyalƙyali ku ajiye shi domin jakunkuna. Shadda ta auduga tana da ƙarko, amma rinanniya takan yi zuba sosai, saboda haka sai an gwada ta.

Gwajin zuba kuwa wajibi ne ga kowane launi mai duhu, musamman ja da shuɗi da baƙi. A jiƙa ƙyallen a ruwan ɗumi da sabulu, a matse shi a cikin farin ƙyalle. Idan farin ya ɗauki launi, a sake wankewa har ruwan ya fito garau, idan kuma ya ƙi dainawa a fitar da shi daga aikin. Bayan haka a wanke duka ƙyallayen, a shanya, a goge su tun da sauran danshi. Wankin nan yana fitar da sitacin da masana'anta ke sa wa atamfa, yana sa ta gama tsukewarta tun ba a yanka ta ba, yana kuma raba ta da ƙurar ƙasan shago. Na san aikin yana da gajiyarwa, kuma shi ne wanda kowace ƙungiya take so ta tsallake, amma mayafin da aka tsallake masa wannan mataki wanda aka ba shi ne zai ga sakamakon, ba ku ba.

Akwai kuma tacewar da ba ta shafi ingancin yadi ba, ta shafi zaman ƙasar nan. Ku fitar da atamfar jam'iyya, ko mai lema ce ko mai giwa, domin ba ku san ra'ayin wanda zai karɓa ba, kuma wanda ya gan ku kuna rabo zai ɗauka kamfe kuke yi. Ku fitar da ankon jana'iza mai hoton mamaci, da duk wanda ke ɗauke da sunan Allah ko ayar Alƙur'ani ko ta Baibul, tunda abin shimfiɗa ne da yaro zai iya yi wa fitsari. Kada kuma ku haɗa mayafin da ja da baƙi suka rinjaya, domin a wurin Akan da wasu ƙabilun kudu waɗannan launukan makoki ne, kuma babu mai jegon da za ta so a miƙo mata su ta lulluɓe jaririnta. Ƙyalle ɗaya ko biyu a cikin mayafi guda ba komai ba ne. Rinjayen ne abin gudu.

Shafi shi ne abin da zai ci muku kuɗi. Akoko yana da araha da ƙarfi, ana samunsa a kasuwar Makola, amma yana tsukewa ƙwarai, saboda haka sai an wanke shi sau biyu kafin a auna. Hanya ta biyu ita ce zannuwan gado na gwanjo daga kasuwar Kantamanto. Ƙungiyar Or Foundation, wadda ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ne suke shigowa cikinta duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a shara, ko da yake 'yan kasuwar da ke shigo da kayan suna musanta wannan kaso. Ko wane ne ya fi gaskiya, zanin gadon auduga mai ɗan tabo a gefe, wanda mai saye zai ƙi, ku riba ne a wurinku, domin za ku yanke wurin tabon. Ku ɗaga shi ga hasken rana kafin ku biya; idan tsakiyarsa ta yi shara-shara har kina ganin yatsunki, ya gama rayuwarsa. Mutane sukan ce da babu gara ba daɗi, amma ban yarda a yi aiki da wannan karin magana a sadaka ba, kuma aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi mummunan abin da yake da shi ya ce shi zai ciyar. Ƙyalle sabo ne da ya rage daga ɗinki, ba tsumma ba ne, kuma ya kamata shafinsa ya zama daidai da shi.

Game da yanka, ku fara da murabba'i, ku bar taurari da furannin da kuka gani a hoto sai hannu ya faɗa. Ku yanki kwali mai kauri inci 5 tsawo inci 5 faɗi, ku ɗora a bayan ƙyallen ku zana da alli ko fensir, kuna lura gefen kwalin ya bi tsayin zaren saƙar yadin, domin abin da aka yanka a karkace miƙewa yake yi a ƙarƙashin keke. Kwali yana cinyewa a gefe, saboda haka a sauya shi da zarar kusurwarsa ta fara dakushewa. Kowane ɗinki zai ci kwatan inci, wato milimita 6, daga kowane gefe, sai murabba'in ya koma inci 4 da rabi bayan an haɗa. Da wannan lissafi, murabba'i 8 a faɗi da 10 a tsawo, wato guda 80, za su ba ku mayafin yaro mai inci 36 da 45, kuma yadi ɗaya da rabi na atamfa ko akoko zai ishe shi shafi ba tare da an yi haɗi ba. Na babba kuwa, idan da ƙananan murabba'an ne, sai an jera 13 da 18, guda 234 ke nan, abin da zai iya karya gwiwar masu farawa. Gara ku yanka manya masu inci 8 da rabi, ku jera 7 da 10, guda 70 kacal, ku sami inci 56 da 80, wanda zai rufe katifar mutum ɗaya. Manyan murabba'ai suna da wata fa'idar ma, domin zanen atamfa manya-manya ne, kuma idan aka daddatsa shi ƙanana sai kyansa ya ɓace. Siraran ƙyallayen da ba su kai murabba'i ba kada ku zubar. A jera su ɗaya bayan ɗaya a ɗinke a kan wani yankin akoko mai inci 8 da rabi har ya rufe, a datse gefen, ya zama murabba'i shi ma.

Kwatan incin nan shi ne wurin da telolinku za su fi shan wahala, ba masu koyo ba, domin hannun tela ya saba barin rabin inci ko fiye saboda gyaran riga. A aikin haɗin gwiwa bambancin yana taruwa. Idan wata ta ɗinka a milimita 6, wata kuma a milimita 8, kowane ɗinki na ta biyun ya ci milimita 4 fiye da na ta farkon, kuma a layi mai murabba'i 13 akwai ɗinki 12, wato layinta zai gaza na 'yar'uwarta da kusan inci 2. Babu jan da zai daidaita wannan. Maganinsa shi ne a auna milimita 6 daga allura a manna salatif a kan farantin kowane keke, kowa ta riƙa bin gefensa. Butterfly ko Singer na hannu duk ɗaya ne, tunda miƙaƙƙen ɗinki kawai ake buƙata. Allura mai lamba 14 ta isa, a ƙanƙanta takun ɗinkin zuwa kimanin milimita 2, a kuma sayi zare mai kyau ko da ya fi tsada, domin zare marar ƙarfi shi ne yake fara tsinkewa a hannun mai wanki. Bayan an haɗa kowane layi a kwantar da bakin ɗinkin gefe ɗaya da dutsen guga, layi na farko zuwa dama, na biyu zuwa hagu, ta yadda idan aka zo haɗa layukan kusurwoyin za su shige juna su zauna daidai.

Wurin da nishaɗin yake shi ne jeri. Ku shimfiɗa farin zani a kan tabarma, ku jera murabba'an a kai kafin a ɗinka ko ɗaya, ku ja da baya ku duba. Abin da ke sa mayafi ya yi kyau daga nesa shi ne bambancin haske da duhu, ba yawan launi ba, kuma atamfa tana ruɗin ido a nan saboda kowace tana ihu da nata. Ku ɗauki hoton jerin da waya ku mayar da shi fari da baƙi, nan take za ku ga inda masu duhu suka taru. Sanya murabba'i marar zane tsakanin kowace atamfa biyu yana ba ido wurin hutawa. Kada kuma ku ji kunya idan naku bai fito a tsare kamar na kanti ba. Matan wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, da tsofaffin kayan aikin gona suke haɗa nasu ba tare da bin wani zane ba, kuma a 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga baya a New York. Karkatar zane ado ce, amma raunin ɗinki aibi ne, kuma shi kaɗai nake so ku tsananta a kai.

Idan fuska ta kammala, a shimfiɗa shafi a ƙasa bayansa yana sama, ya zarce fuskar da inci 3 a kowane gefe, a ɗora na tsakiya idan akwai, a ɗora fuskar, a lallashe da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. A kama su da fil mai kullewa a tazarar faɗin tafin hannu, ko a bi da ɗinkin wucin gadi mai manyan taku wanda za a zare daga baya. Sannan a fara ɗinkin da zai riƙe su, daga tsakiya zuwa waje, layi da layi kada tazararsu ta wuce yatsu huɗu. Da hannu ya fi kyau da laushi, kuma shi ne aikin da mata huɗu za su iya zama a kansa lokaci ɗaya suna hira. Da keke ya fi sauri, sai dai hawan sama yakan zame ya yi tattara, don haka a tafi a hankali, a faɗaɗa takun. Wasu sukan ɗaure da ƙulli a kusurwoyi maimakon ɗinki. Ban ba ku shawarar haka ba, domin cuɗar hannu tana kwance ƙulli, yaro kuma yana cire shi ya kai baki. Baki kuwa mafi sauƙi shi ne a datse rarar shafin ta rage inci ɗaya, a kalmasa ta sau biyu ta hau kan fuskar, a bi da keke sau biyu, saboda gefe ne yake fara mutuwa. A ƙarshe a sake wanke mayafin gaba ɗaya kafin ya bar hannunku, domin idan akwai ɗinkin da zai buɗe, gara ya buɗe a gabanku.

Saura tambayarki ta ƙarshe, wa za a ba. Ku je ku tambaya kafin ku yanka ƙyalle ko ɗaya. Idan asibiti kuke nufi, kamar Korle Bu ko asibitin yara na Princess Marie Louise, ku nemi shugabar ma'aikatan jinya ta sashen ku ji ko suna karɓar kayan waje, da girman da suke so, da yadda suke wanki, domin asibiti yana da ƙa'idojin kare marasa lafiya daga ƙwayoyin cuta waɗanda ba a karya su saboda kyakkyawar niyya. Mai yiwuwa su ce muku abin da iyayen bakwaini suka fi buƙata shi ne zani mai laushi da uwa za ta ɗaure jaririnta a ƙirji fata da fata, to sai ku yi wannan. Ku kuma sani cewa likitocin yara suna hana a bar jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ya yi barci da bargo mai kauri ko sakakken mayafi kusa da fuskarsa, saboda haɗarin toshewar numfashi. Naku na shimfiɗawa ne a kwantar da shi a kai yana farke, ko na rufe shi a goye, kuma ku faɗa wa uwar haka da bakinku. Kada a sa maɓalli ko dutsen ado a na yara. Gidajen marayu, irin na Osu, suna ƙarƙashin kulawar hukumar jin daɗin jama'a, su ma sai an nemi izini.

A ganina ma ba sai kun yi nisa ba. 'Yan matan Arewa da ke dakon kaya a kasuwanni, waɗanda ake kira kayayei, da yawansu a barandar shaguna suke kwana, wasu da goyo. Su mayafi marar nauyi mai duhun launi, wanda zai naɗu ya shiga cikin kwanon dako, shi ne zai yi musu amfani. Akwai tsofaffin unguwa da sanyin asuba ke damu, waɗanda limami da magajiya sun san gidajensu. Akwai kuma ambaliya, wadda ba ta sallama: a 2023, da aka saki ruwan madatsar Akosombo, dubban mutane a Mepe da garuruwan da ke kusa sun koma kwana a azuzuwan makaranta, kuma a irin wannan rana wanda yake da mayafai goma a ajiye ya fi wanda zai fara yanka. Saboda haka ku riƙa ajiye wani kaso a cikin leda mai kauri, a wuri busasshe, kuna fitar da su shan iska lokaci-lokaci.

Domin kada aikin ya tsaya saboda kuɗin zare da shafi, ku riƙa sayar da ɗaya daga cikin kowane huɗu ko biyar, ku zaɓi wanda ya fi kyau ku kai wa masu neman kyautar suna ko ta biki, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a littafi ɗaya da kowa za ta iya dubawa. Idan kuna son hoto domin jawo masu taimako, ku ɗauki mayafin a kan igiya, ku bar fuskar wanda ya karɓa. A zamanku na Asabar mai zuwa kada ku fito da keke ko ɗaya: ku zazzage buhunan ku ware auduga, ku raba wanki da guga a tsakaninku, ku kuma wakilta mutum biyu su je wurin da kuke son kai wa su dawo muku da awo da adadin da ake buƙata.